Awon Bakin Malam a Ganyen Goro

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sakat a rumfata ba. Mai sayen goro ɗaya sai ya tsaya tambayar teku, wanda bai zo sayen komai ba ya tambayi haƙora. Har masu kabu-kabun bakin tasha, da ba wasa tsakanina da su, sun koyi ɗaga murya su ce, "Alhaji Ila, ina tsarabar Malam?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa a cikin azumin nan, da cinikin goro ba ya tashi sai yamma, na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni na huta.

Malam Shitu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarmu a nan Birnin Konni tun ina saurayi: shi ya karanta aya, liman ya fassara. Bayan ƙaramar sallar bara, yana dawowa daga ta'aziyya a Bazaga, kabu-kabun da ya ɗauko shi ya yi karo da amalanken jaki. Allah ya tsare rai, amma haƙoransa huɗu na gaba, na sama, a nan suka zube. Tun daga ranar sin da sadi suka daina fita daidai daga bakinsa, sai da wani ɗan fito. Mu ba mu ɗauke shi wani abu ba. Shi kuwa ya ce ba zai karanta maganar Allah a gaban jama'a da harafi karkatacce ba, kuma wanda ya san Malam ya san in ya faɗi magana ta zauna.

An gwada masa haƙoran roba na cirewa wajen wani mai aikin haƙori a kasuwar Illela, nan ƙetaren iyaka. Suna da kyau in yana shiru, amma da ya ja aya mai tsawo sai su zame. Sai Isuhu, wani tsohon ɗalibinsa da ke aikin fitar da kayan ƴan kasuwa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya zo da damina ya tafi da shi can wajen wata likita mai dasa haƙori. Ta kafa masa ƙusoshin ƙarfe biyu a cikin ƙashi, ta ɗinke dasashi a kansu, ta ce ya koma gida wata biyar ƙashi ya riƙe ƙarfen, sannan ya dawo a ɗauki awon bakinsa a ƙera haƙoran da za a ɗaura a kai. Kwana ukun da ya yi a mota suka tayar masa da ciwon baya, ya yi sati biyu yana salla a zaune. Da wata biyar ɗin suka cika, cikin Rajab, liman ya aiko a ji ko Malam zai ja baƙi bana, ko ya nemi wani ya fara shiri. Malam na son karatun, yana kuma tsoron hanyar.

A nan na sa baki, ni mai dabara. Na ce tun yaushe ake kai mutum wajen mai sana'a? Mu nan awo muke aikawa. In takalmi ne, a karya kara daidai tsawon ƙafa a ba mai tafiya Sakkwato. In hula ce, a zaga kai da zare a ƙulla. Uwar ƴaƴana ba ta taɓa ganin maƙerin da ya yi mata zobe ba, kuma zoben na hannunta har yau. Na ce wannan magana ta "ya dawo da kansa" dabara ce ta mutanen bakin teku, don a yi ta kai musu mutum suna tatsa. Malam ya ce a tambayi Isuhu tukuna. Na ce ba sai an wahalar da shi ba, zai ganni kawai da aiki a hannu.

Muka koma wajen mutumin Illela. Ya kwaɓa wani gari ruwan hoda, ya cika wani ƙarfe mai siffar baki da shi, ya danna wa Malam a sama har idonsa ya kawo ruwa. Da ya ciro, ga bakin Malam nan sak, turame da giɓi da komai, abin ya yi tauri-tauri kamar dafaffen ƙwai. Ya miƙo mini ya ce abu ɗaya kawai, kada na bari ya bushe. Na yi dariya, don ya faɗa wa mai goro abin da ya fi kowa sani. Na zo rumfa na zaɓi ganyen fita mafi kyau, na naɗe shi, na lulluɓe da jiƙaƙƙiyar algarara, tsumman buhun goro, na ɗaure, na yi niyyar yayyafa masa ruwa safe da yamma kamar yadda nake yi wa farin goro. Na yi shekaru ina sauko da goro daga Shagamu bai bushe mini a hanya ba, balle abin da bai kai tafin hannu ba.

Ranar Alhamis na shiga motar Doso. Ban yarda an ɗora ƙunshin a sama ba, na rungume shi a cinya. Wadda ta zauna kusa da ni wata dattijuwa ce mai fataucin albasa daga Badaguishiri, ana ce mata Hajiya Hassi, buhunanta sun riga ta gaba a babbar mota. Ba mu yi nisa ba ta ga na buɗe buta ina yayyafa wa ƙunshi ruwa, sai ta ce na ɗan ɓara mata ɗaya, bakinta ya yi tsami. Na ce ba goro ba ne. Ta dubi algarara, ta dubi jan haƙorana, ta ce ita dai ta ga masu rowa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai goron da ya yi musun goro ba. Na yi mata banza. A raina na ce matar da ta fara tambayar kayanka tun ba a ci kilomita goma ba, a sa mata ido.

A Dogon Dutsi taya ta fashe, ta ajiya kuma ba iska, muka yi awa biyu a gindin itacen bedi direba na faɗa da mai faci. Hajiya ta ciro dambun zogale a kwano ta miƙo mini. Yunwa na ci na, amma na tuna labaran da ake bayarwa na waɗanda aka ba abinci a mota suka farka ba ko takalmi, na ce na ƙoshi. Ta cinye abinta a gabana har da side kwano, ta ce Allah ya ƙara mini ƙoshi. A Doso muka canja mota, muka kwana a tashar Gaya kan tabarmar haya. Sauro ya yi abin da ya ga dama da ni, don hannuna biyu na kan ƙunshi.

Da safe muka haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, garin ƙetaren iyaka. Na nuna takardata da ta allura, ba wanda ya ce uffan, har na fara murna. Sai wani ma'aikacin iyaka, gajere mai tumbi, ya nuna ƙunshin da bironsa ya ce a buɗe. Na kwance algarara, na ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana jiran a ba shi goro. Da ya ga abu ja-ja, jiƙe, da sawun haƙoran mutum a ciki, sai ya ja da baya ya kira ƴan uwansa. Kafin ka ce kwabo an zagaye ni. Faransancina na kasuwa ne, na gaisuwa da ƙirga, duk ya gudu ya bar ni. Na fahimci dai suna cewa naman bakin mutum ne na yanko zan kai wa masu tsafi. Ni da na fito gida ina zargin kowa, ga ni tsugune a ƙasa ana nuna ni da yatsa.

Hajiya Hassi ce ta ture mutane ta shigo. Ta tambaye ni gaskiyar magana, na faɗa mata a gurguje, ta juya ta zuba musu Dandanci, yaren mutanen wurin, da Faransanci a haɗe. Ta sa gajeren ya taɓa abin da kansa. Ya danna da babban yatsa, ya caka biro a gefe, ya lanƙwasa wata leɓatu ya ga ta dawo, ya sansana, sannan suka fashe da dariya suka sallame ni. Ina ɗaure ƙunshi ta ce:

"Alhaji, da ka hwaɗa min tun jiya, da ban kira ka marowaci ba. Amma ni ban taɓa jin an aiki baki wajen likita an bar mai shi gida ba."

Na yi mata godiya, na kuma ce a raina me mai albasa ta sani game da haƙori. A kasuwar Malanbil muka rabu.

Daga nan zuwa Faraku yini guda ne, ƙasa na ƙara duhun itace, mutane na ƙara gajarta gaisuwa. A can mutum zai ce maka kalma ɗaya ya wuce, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba, sai ka ɗauka kun yi faɗa jiya. A Faraku na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani soyayyen cuku na Fulanin can, wannan kam ba ni da ta cewa, ya yi daɗi. Nama ne ban taɓa ba. Matar da ke sayar da abincin ta nuna mini wani ƙyafaffen abu mai dogayen haƙora kamar gafiya, tana rantsuwa na daji ne mai tsabta. Na ce ta bar wa masu shi. Washegari na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Yana tsayawa a kowane ƙauye kamar mai gaishe da dangi, mata na turo abarba da gari ta taga. Wani mutum mai kwat ya zauna gabana yana ta yi mini murmushi. Na riƙe aljihuna tun safe har la'asar, a ƙarshe ya sauka a wata tasha ya bar mini lemo biyu.

Kwatano gari ne na babura. Masu kabu-kabunsu duk riga ɗorawa suke sawa, kuma mata ma na tuƙa nasu, da jariri a baya da kwando a gaba, ba mai waiwayensu. A ƙofar wasu gidaje za ka ga tulin ƙasa an zuba masa manja da gashin kaza, mutum ya fito da kwat da jakar zuwa ofis ya tsaya ya gaishe shi ya wuce. Iskar garin laima gare ta, in ka wanke riga yau sai gobe tana ɗanya. Na ce to ko ba komai ƙunshina ya zo garinsu. A Zango na sami gidan Isuhu, unguwar da ake jin Hausa da kiran salla kamar kana gida. Ya fito da sauri yana leƙen bayana, ya tambayi ina Malam. Na ce yana gida lafiya, na ɗaga masa ƙunshi na yi bayani. Fuskarsa ta canja.

"Baba, ba haka anka ce ba. Shi da kainai anka ce shi taho."

Na ce ya bari mu ji daga bakin likitar. Ya ba ni ɗaki mai fanka, matarsa ta yi tuwon shinkafa don ni, ya yi mini duk abin da ɗa ke yi wa uba. Ni kuwa ina cin tuwonsa ina tunanin ko yana da la'ada a kan duk kan da ya kai wa matar nan. Ina faɗin wannan da kunya, don mutumin nan daga aljihunsa aka yi wa Malam aikin tun farko.

Ranar Litinin muka je. A can ba a zuwa wajen likita a bi layi, sai an rubuta maka rana da awa, in ka makara an wuce ka. Likitar mace ce baƙa, siririya, da tabarau, ba ta kai ƙanwata ta uku ba a shekaru. Isuhu ke fassara. Na kwance ƙunshi a teburinta ina jiran yabo, don abin na nan jiƙe sharaf kamar yau aka ɗauka. Ta juya shi, ta tambayi kwana nawa, na ce shida. Ta tambayi ruwan fa, na ce safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Ba ta yi dariya ba, na ba ta wannan. Ta ce ba za ta iya aiki da shi ba.

Dalilanta biyu ne. Na farko, irin wannan ƙullin ba ya jira. Ana cire shi daga baki ake zuba masa farin siminti a fitar da siffar haƙora, tun ba a gama shan shayi ba. In ya bushe ya tsuke, in ya sha ruwa ya kumbura, kuma ido ba ya gani. Na biyu, awon nan dasashi kawai ya nuna, bai nuna inda ƙusoshin suka dosa ba, don suna rufe a ƙarƙashi. Ta ciro wasu ƙananan ƙarafa kamar ƙwayar hatsi mai tsawo ta nuna mini. Ta ce sai ta buɗe dasashin ta ɗaura waɗannan a kan ƙusoshin, ta haɗe su biyun da zare da wani danƙo mai tauri don kada ɗaya ya motsa, ta ɗora wani ƙulli daban wanda ba ya shan ruwa, sannan ta kwance su ta wasu ƴan huji su fito tare da awon. Ta ce haƙorin da Allah ya yi yana da ɗan wasa a gurbinsa, kamar turke a ƙasar gona, in an ɗan kuskure zai gyara zama. Ƙusar da ƙashi ya riƙe ba ta da wannan. In haƙoran suka kauce da kaurin gashi ɗaya, ko dai su ƙi zama, ko a matsa su da ƙarfi ƙusa ta karye ko ƙashi ya sake ta, a yi biyu babu.

Sai ta faɗi maganar da ta fi komai, ta sa Isuhu ya maimaita mini sau biyu. Ba a Kwatano ake ƙera irin waɗannan haƙora ba, Faransa ake aika awon, kuma sau ɗaya a wata akwatinta ke tafiya, a hannun wani mai shiga jirgi. Na wannan wata Juma'ar nan zai tashi. In an buga wa Malam waya yau ya kama hanya gobe, zai iso Alhamis, ta ɗauki awo da yamma ko da ta tashi daga aiki. Bayan sati uku da ƴan kwanaki haƙora su dawo, ta ɗaura, ya isa gida kafin a ga wata. In aka rasa wannan Juma'a, sai ta wata mai zuwa, haƙora kuma sai azumi ya kusa ƙarewa.

Ni abin da kunnena ya ji shi ne gaggawa, kuma duk mai sa ka gaggawa a ciniki akwai abin da ba ya so ka gani. Na ce a gaya mata ni ɗan kasuwa ne, na san wannan waƙar. Abin da na riƙe da hannuna kwana shida ba a ce mini ya canja alhali ina kallonsa. Sai ta ce na hau kujera. Ta kwaɓa irin ƙullin mutumin Illela ta ɗauki awon nawa bakin, ta zuba masa siminti a gabana. Muka jira ya bushe ta ciro, ga haƙorana nan farare fat, abin da ba su taɓa yi ba. Ta mai da su cikin awon, suka zauna daram kamar wuƙa a kube. Ta ce na tafi da duka biyun, na yi wa awon irin hidimar da na yi wa na Malam, na sake gwadawa. Na karɓi ƙusa na zana alamar da nake sa wa huhun gorona a kan kowanne, don kada a yi mini musanya.

Muna fita Isuhu ya nufi gidan waya. Ya ce a buga wa maƙwabcin Malam mai kanti, ko ba komai Malam ya taso, in ya so a yi gwajin yana hanya. Na tare shi.

"Ni ne ƙanenai ko kai? Ba ni tada tsoho da ciwon baya bisa maganar macen da ban gwada ba. Kak ka buga."

Da ɗan birni ne da ya zagaya ya buga abinsa, amma Isuhu a gaban Malam ya tashi, ba ya tsallake maganar babba. Ya ce to, Baba.

Talata na zame ni kaɗai na shiga babbar kasuwarsu, wadda Konni duka za ta shige cikin rumfunan masu atamfa kawai. Da tambaya da nuni na sami wani mai yin haƙora a wani lungu, da kwalbar haƙora a gabansa da hoton baki a allo. Na fara kwance awon Malam, ban gama ɗaga ganye ba ya ce zai yi, jibi na zo na karɓa. Na ce akwai ƙusa a ciki fa. Ya ce ba komai. Na ce kwanansa bakwai. Ya ce ba komai. Duk abin da na faɗa ba komai. A nan gabana ya faɗi, don na san mai sayar da goron da sankara ta ci, shi ne ba ya taɓa cewa a'a. Na ɗaure kayana na fito. Wadda ta ƙi na zarge ta, wanda ya yarda na zarge shi, na rasa wanda ya rage sai ni. A hanyar dawowa ne na ga tekun da kuke tambaya. Ruwa ne mai yawa da ƙara, ban tsaya ba.

Laraba bayan na karya kumallo na rufe ƙofa na kwance nawa awon. Alamata na nan a kan duka biyun, ba wanda ya taɓa su, ƙarƙashin matashina suka kwana biyu. Na ɗora haƙoran simintin. Gefen dama ya shiga, na hagu ya ɗaga. Na danna hagu, dama ya ɗaga. Na juya, na hura, na share da bakin riga, abin na ta rawa. Na ce ko simintin ne ya canja, sai na cusa awon a bakina. Bakina ne, awona ne, amma ya ƙi ni, turamena na baya ba su sami gurbinsu ba. Na zauna a bakin gado na ƙirga kwana a yatsa. In Malam ya taso gobe Alhamis, sai Asabar zai iso.

Na tura a kira Isuhu daga wurin aiki muka koma wajen likita ba tare da an rubuta mana awa ba. Na roƙe ta ta jinkirta akwatin kwana biyu. Ta ce jirgin ba nata ba ne, kuma a cikin akwatin akwai awon mutane da yawa da ke jiran nasu. Na tambaya ko akwai wata hanya, ta ce da akwai da ta faɗa tun Litinin. Ba ta yi mini gori ba, Isuhu ma bai yi ba, kuma da sun yi da na fi jin sauƙi. Ta ba ni takarda da ranar da Malam zai zo bayan salla, tun da ba zai yarda ya yi azumi a hanya ba. Ban buga waya gida ba, na ga wannan ba maganar da za a faɗa ta bakin mai kanti ba ce.

Dawowa ba abin da zan ce a kanta. Jirgin nan ne, gadar nan ce, gajeren ma'aikacin ya gane ni ya tambayi ina bakin. A Doso wani ya miƙo mini ƙosai na karɓa na ci.

Da hantsi na iso Konni, ban biya gidana ba na wuce zauren Malam. Yana zaune kan buzu, ya riga ya sa an fito da babban Alƙur'aninsa na tafsiri an kakkaɓe gafakarsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Isuhu da iyalinsa, idonsa na kan jakata. Na yi niyyar cewa awon ne ya lalace na yi shiru a nan, kuma da gaskiya na faɗa. Amma na kasa. Na faɗa masa har maganar Litinin, da wayar da na hana a buga. Ya shafa gafakar, ya ce:

"Da an bugo, Ila, da na taho. Ko kwance."

Na ce na sani. Ya ce na tashi na je wajen liman kafin azahar, na faɗa masa ya ba wani jan baƙin, don mutumin ya sami lokacin shiri. Na ce ko a aiki wani. Ya ce a'a, ni zan je, kuma na faɗa masa yadda na faɗa a nan. Na je na faɗa.

Ranar da aka buɗe tafsiri, wani malami mai matsakaicin shekaru daga unguwar gabas ne ya zauna a gefen liman. Muryarsa na da daɗi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Malam bai zauna gaba ba ko da aka matsa masa, ya zo sahun baya kusa da ni, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki. Ina jin numfashinsa yana bin karatun, yana riga mai karatu da kalma ɗaya. Can cikin Baƙara mutumin ya ruɗe, ya tsallaka daga wata aya zuwa mai kama da ita. Liman ya ɗaga kai, masallaci duka ya waiwayo baya, don shekara da shekaru in an yi tuntuɓe wajen mutum ɗaya ake dubawa. Na ga hannun Malam ya tashi zuwa amawalin, ya kama gefensa zai sauke shi, ya tsaya. Ban taɓa jin baƙin ciki da kunya irin na wannan lokaci ba. Sai hannun ya koma kan gwiwa, wani daga sahun gaba ya gyara ayar, aka ci gaba.